Rairayin Ɗakin Saude

Shekaranjiya 'yan matan layinmu suka taru a tsakar gidana suna taya ni ɓarar gyaɗa, sai na ji wata mai bakin tsiya a cikinsu tana cewa ita in ta rasa sana'a ungozoma za ta zama. Wai me ke ciki? Reza ce da zare, ki yanke cibi, ki wanke jariri, ranar suna a aiko miki da nama da sabulu. Sauran suka kwashe da dariya. Na ce to madalla, ku matso kusa, hannu na aiki kunne na saurare, tunda yau kun taɓo ni.

Ni Kande, a wani ƙauye ta wajen Janfalan aka haife ni, nan na yi aure, nan na tsufa. Wajen ƙanwar babana, Goggo Dije, na koyi aikin nan, bayan na yaye ɗana na biyu. Kada ku ɗauka ranar da na fara bin ta ta miƙo min reza. Ina! Na daɗe aikina bai wuce ɗaukar ƙwarya ba, da hura wuta, da jido ruwa, da haƙa rami a bayan ɗaki inda ake binne mabiyiya, wato uwar da ke biyo bayan jariri. In ramin bai kai zurfin da kare ba zai tona ba, ta sa ni in sake, ko da ruwan sama na dukana. Kayan aikinta duka a ƙwarya guda suke: ɓawon karan dawa mai kaifi na yankan cibi, zare, sabulun salo, man kaɗanya, da ɗan kasko na gashin cibi. Ni a zamanina reza ta shigo, sabuwa fil daga takardarta, daga baya aka tara mu a Ikara aka ba mu safar hannu da maganin shafawa a cibi. Ban yi gardama ba, abin da na ga ya fi na ɗauka.

Akwai abu ɗaya da Goggo take yi wanda mutane suke tsoro. In ta zo ƙofar mai haihuwa sai ta tuɓe takalmi tun daga nesa, ta shiga ba magana, ta durƙusa ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta yi shiru kamar mai sauraron wani abu a ƙarƙashi. Sai ta gama wannan sannan ta ce sannu. Matan gari suka ce iskokin ɗakin take gaisarwa. Na taɓa tambayarta, ta harare ni ta ce, "Ke dai ki taɓa ƙasa kafin ki taɓa mutum." Iyakar abin da ta ce ke nan har ta koma ga Allah. Ni ma sai na riƙa yi, ban san dalili ba, don dai na ga tana yi.

Abin da ba ku sani ba, a nan ƙasar tamu ba ungozoma ke karɓar haihuwa ba. Mace ita kaɗai take haihuwarta. In ta ji naƙuda ta kama, sai ta shige ɗaki ta saki asabari, ta durƙusa ta riƙe ƙafar gado, ta cije. Ba mai shiga. In jariri ya faɗo ya yi kuka, mutan gida sun ji, amma ko a lokacin ba a afka mata. Sai ta kintsa jikinta, ta yi gyaran murya, sannan a aika a kira mu. Mu masu zuwa daga baya ne.

Kuma kada ku ce wauta ce, don ba ku ɗanɗana ba. Ni duk 'ya'yana haka na haife su, kuma wallahi akwai daɗi a ciki. Ɗakinki ne, ƙamshin turarenki ne, ba namijin da ya gan ki, ba mai daka miki tsawa, ba mai cewa ki kwanta rigingine alhali jikinki durƙuso yake so. Ba ki hau babur da ciwo ana jijjiga ki a hanya ba. Kina gamawa ga ruwan zafi, ga kunun kanwa. Washegari mata su cika gida ana cewa, "Wance jaruma ce, ko motsinta ba a ji ba." Wannan kalmar tana shiga kai fiye da yadda kuke zato. Mata da yawa sun haihu haka sun tashi garau. Sai dai waɗanda ba su tashi ba, ba sa nan balle su ba ku nasu labarin.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyarmu. Damina ce mai nauyi, rafi ya raba mu da titi, mota ba ta shigowa. A daminar nan na rasa wadda jijjiga ta kama, na rasa wadda ɗa ya zo mata a gicciye. Waɗannan na ga ciwonsu da idona, na yi abin da zan iya, Allah ya yi ikonsa. Ta Saude ce ta bambanta.

Saude 'yar fari ce a wajen Asabe, maƙwabciyarmu ta bayan masallaci. Kun san yadda uwa take da ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Asabe kuwa ta kai abin maƙura. Tun da ta haifi yarinyar nan ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, sai dai "'yar nan" ko "waccan". Aka aurar da Saude wajen Paki, ta samu ciki, aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Ranar, ruwa ya ɗauke da hantsi, gari ya yi lumshi, kwaɗi na ta kuka da rana tsaka. Bayan azahar wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ce, "Kande, an sauka a gidan Asabe." Na ɗauki ƙwaryata na tafi. Ina shiga na tarar da Asabe can ƙarshen tsakar gida, ta juya wa ɗakin baya, da faifai a cinyarta tana tsintar wake. Na duba waken, tas yake, ba tsakuwa ko ɗaya, amma tana ta juya shi.

"Sannu Yaya Asabe. An ce an samu ƙaruwa."

"Haka na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi na ji kukan yaro."

"Tun hantsi? Shi ne sai yanzu?"

"Ba ta yi gyaran murya ba," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Na ce ko tana kintsawa ne."

Na juya wajen ɗakin. Asabarin a sake yake, ƙudaje sun yi masa baƙi daga ƙasa, suna ta neman hanyar shiga. Na tuɓe takalmi na ɗaga.

Ban taɓa shiga ɗakin haihuwa mai tsabta irin wannan ba. A lokacin ba siminti, farin rairayi mata suke ɗebowa daga rafi su malala a ɗaki. Rairayin nan a shafe yake sumul, ga sawun yatsu a jere kamar an yi masa ado. Saude tana zaune ta jingina da ƙafar gado, ta ɗaura ɗankwalinta daidai, jaririya naɗe a zane a kan cinyarta. Ita ta fara gaishe ni.

"Baba Kande, sannu da zuwa. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Muryar a hankali, har da ɗan murmushi. Leɓenta ne kawai na ga ya yi fari kamar ta ci gari. Na durƙusa in dafa ƙasa yadda na saba, sai na ji gwiwata ta nutse. Ɗumi ya ratso zanena. Na tura hannu cikin rairayin, sama busasshe, ƙasa kuwa ya dunƙule kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini. Na matsa gefe na sake turawa, haka. Na leƙa ƙarƙashin gado, daɓe ne tsirara, ta kwashe rairayin wurin kaf. Tun hantsi yarinyar nan jini ke zuba, mabiyiya ta ƙi faɗowa, ita kuma tana jawo rairayi da hannu tana rufewa, tana shafewa, in ya ɓullo ta ƙara wani. A nan na gane abin da Goggo take saurare a ƙasa.

Ta kamo bakin zanena ta ce, "Kada ki bari Inna ta gani."

Na yanke cibi, na sa mata jaririyar a nono, na murza mata mara iya ƙarfina. Mabiyiya ba a jan ta, wanda ya ja ya kashe. Na fito ina kwarara ihu a kira maza. Aka ɗaura shanu a amalanke, aka shimfiɗa ta, muka nufi rafi cikin taɓo. Muna isa ga ruwa ya kai ƙirji yana gudu, ga mota can a tsallake muna hangen ta, direban ma yana ɗago mana hannu. Maza na shawarar yadda za a ɗauke ta a kan ƙyaure a haye, ta ce min tana jin sanyi. Na lulluɓa mata mayafina. Ta ce in ba ta ruwa. Kafin a miƙo, ta cika. Har ta rasu ban ji ta ce wayyo ba.

Ni na kwashe rairayin ɗakin da hannuna na zubar a bayan gida, Asabe ba ta gani ba. Wurin har yau ciyawarsa ta fi ta ko'ina duhu, ni dai ba na bi ta nan.

Jaririyar ta rayu. Aka mayar mata da sunan uwarta, amma da yake Asabe ce za ta riƙe ta, kuma ba ta iya faɗar sunan, sai ake kiranta Ummi. Asabe ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ta koma yi shi ne, duk gidan barkar da aka haɗu, in ana labarin wata ta yi raki, sai ta ce, "'Yar nan tawa kuwa ko uhm ba ta ce ba. Ɗakinta ma tas aka same shi." Mata su ce Allahu akbar, Allah ya jiƙan jaruma. Ina jin ta, raina na ɓaci, amma me zan ce wa uwar da wannan kaɗai ya rage mata? Ummi kuwa tana gindinta tana ji. Da wannan maganar aka raine ta, ita ce kaɗai abin da ta sani game da uwarta.

Bara waccan aka aurar da Ummi a Dandamisa. Ciki ya tsufa, aka kawo ta goyon ciki wajen kakarta. Ɗakin da aka gyara mata kuwa shi ne ɗakin nan, don shi ne babu kowa. An yi masa siminti, an shimfiɗa leda, an sa labule a madadin asabari. Yarinya ce 'yar zamani, ta yi makaranta, tana da waya, tana zuwa awo. A wajen awon aka gaya mata jininta ya yi ƙasa, lallai a asibiti za ta haihu. Ni ma na same ta na ce, "Ummi, ranar da kika ji mara ta murɗa, ki kira ni mu tafi Ikara. Kin ji ko?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Iya." Na san irin wannan to ɗin. Na sha jin sa.

Ranar kasuwar Makarfi ce, lokacin saran rake, maza duk sun watse, wasu kasuwa wasu gona. Na fito daga yi wa wata mai jego wanka da hantsi, hanyata ta biyo ta ƙofar gidan Asabe. Gidan da kullum rediyo ke tashi, sai na ji tsit. Ba daka, ba motsin kwano. Har na wuce, ƙafata ta ƙi. Na dawo na yi sallama.

Asabe tana can ƙarshen tsakar gida, ta juya wa ɗakin baya, da faifai a cinyarta. Ta tsufa, idonta ma ba ya ganin tsakuwa yanzu, amma tana ta juya wake. Na dubi labulen, ga ƙudaje sun taru a ƙasansa. Wallahi sai na ji kamar shekarun nan duk ba a yi su ba.

"Yaya Asabe, yaro ya yi kuka?"

"Ya yi."

"Ta yi gyaran murya?"

"Tukuna."

Na ajiye ƙwarya na fara tuɓe takalmi. Ta ce, "Kande, ba a kira ki ba."

Na ce, "Wancan karon ai an kira ni."

Na ɗaga labule. Ummi tana zaune ta jingina da ƙafar gado, a daidai wurin, ɗankwali a ɗaure, jariri naɗe a cinya. Fuskar uwarta ce sak, har ɗan karkata kan. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta.

"Iya, sannu da zuwa."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Muryar da na bari a bakin rafi ce ta amsa min. Na durƙusa na dafa ƙasa. Ledar a bushe take, an goge ta tas. Na shafa nan, na shafa can, ba komai. Har na fara cewa alhamdulillahi a zuciyata, sai na lura ƙudajen da suka biyo ni ba kanta suka nufa ba, ƙarƙashin gado suke shigewa. Na miƙa hannu na jawo. Atamfa ce, jiƙe sharkaf. Na sake jawowa, wata. Zannuwan aurenta ne, sababbi, wasu ko ɗinki ba a yi musu ba. Ta buɗe akwati tana zaro su ɗaya bayan ɗaya, in wannan ya jiƙe ta cusa ƙarƙashin gado ta ɗauko wani. Ba wanda ya taɓa gaya mata zancen rairayi, ni kaɗai na sani a duniya, amma ga shi ta yi.

Ta kamo bakin zanena. Na san abin da za ta ce, ban bari ta faɗa ba. Na ce, "Rufa min baki!"

Na yanke cibi, na sa yaro a nono, hannu ɗaya na murza mara, ɗaya na latsa wayar da nake ratayawa a wuya. Akwai Malam Sule mai a-kori-kura, na san yana lodin rake a fadama. Na ce ya bar komai ya zo, rai ne. Bawan Allah ya zubar da rabin lodinsa a bakin gona ya taho.

Sannan na yi abin da ban yi ba wancan karon. Na tattaro zannuwan nan gaba ɗaya, na fito da su tsakar gida, na zube su a gaban Asabe, a kan waken nata. Na ce, "Ga tsabtar ɗakin. Wancan karon ma haka yake, rairayi ne ya shanye."

Ta dubi zannuwan. Ta sa hannu ta taɓa, ta kai hannun kusa da idonta. Sai ta miƙe, tsohuwar da sai da sanda take tashi, faifai ya kife, ta nufi ɗakin tana tuntuɓe. Ta yaye labulen, ta buɗe baki ta ƙwala kira da muryar da ban san tana da ita ba:

"Saude! Saude!"

Sunan da ba ta taɓa faɗa ba tun da ta haife ta. Maƙwabta sun ce har bayan masallaci an ji. Ni dai ban san wacce take kira a cikin biyun ba, kuma ban tambaya ba. Ummi na jin haka sai ta fashe da kuka, ta ce, "Inna, zafi! Inna, zan mutu!" Na ce yawwa, faɗa da ƙarfi, 'yar albarka, ƙara faɗa.

Muka shimfiɗa ta a bayan mota kan ganyen rake, kanta a cinyar Asabe, jariri a hannuna. An daɗe da gina gada a rafin nan. Da muka hau kanta na kawar da kai, ban dubi bakin ruwan ba. Ihu take yi tun daga gida har Ikara, Malam Sule na ta salati, ni kuwa duk ihun da ta yi sai in ji sanyi a raina, don mai ihu da sauran ƙarfinsa. A asibiti malaman suka karɓe ta da gudu, suka yi mata allura, suka ciro mabiyiya, suka ɗaura ruwa. Jini kuwa sai da mijinta ya zo daga kasuwa aka ɗiba, aka ɗibi na Malam Sule ma. Abin da suka yi a ɗakin nan, ni da ƙwaryata ba mu iya shi ba, ko Goggo ce ta dawo. Wata a cikinsu ta ce min da mun ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin.

To ke mai reza da zare, kin ji. Yankan cibi ko ke na nuna miki yau, gobe kin iya. Shiga ɗakin da ba a kira ki ba, ki ƙaryata mai cewa da sauƙi, ki tona abin da ta rufe don kunya a gaban wadda take jin kunyar, wannan ne aikin, kuma ba a aiko miki da nama saboda shi. Akwai gidajen da har yau ba sa gaishe ni da daɗi.

Da aka sallamo Ummi ni na yi mata wankan jego. Wata safiya a bayan ɗaki, tukunya na tafasa, ina tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi ina fyaɗa mata a baya, tana ta raki kamar ƙaramar yarinya, sai ta waiwayo. Can ta ce, "Iya, don Allah in tambaye ki. Da gaske ne mahaifiyata ko uhm ba ta ce ba?"

Na ce, "Da gaske ne."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta sunkuyar da kai, na ga kamar kunya ce ke neman kama ta. Na sake tsoma ganyen a ruwa na ce, "Ɗago ki dube ni. Da ta ce, da yau ita ke riƙe da ganyen nan, ba ni ba. Juyo min ɗaya kafaɗar."